Kuɗin Binciken Birrai: Wa Ke Biya, Wa Ke Samun Shiga?

A shekarar 2017 wasu masana sun fitar da rahoto a mujallar Science Advances, inda suka nuna cewa daga cikin nau'o'in birrai da danginsu fiye da 500 da ke duniya, kusan kashi 60 cikin ɗari na fuskantar barazanar ƙarewa, kashi 75 kuma yawansu raguwa yake yi. Sare dazuzzuka, faɗaɗa gonaki, haƙar ma'adinai da farauta su ne kan gaba wajen jawo hakan. Matsala mai wannan girma tana buƙatar kuɗi mai ɗorewa da ma'aikata masu albashi. Amma akasarin aikin bincike da kare waɗannan dabbobi ya daɗe yana dogaro da abu biyu: ƙananan tallafi na gajeren lokaci daga gidauniyoyin waje, da matasa masu aikin sa-kai da ke ɗaukar nauyin kansu. Tsarin ya yi rana, sai dai yana rufe ƙofa ga mutanen da suka fi cancantar gadon aikin, wato 'ya'yan ƙasashen da birran ke zaune.

Abin ya samo asali tun farkon fannin. Lokacin da Jane Goodall ta isa dajin Gombe na Tanzaniya a 1960 don nazarin cimfanzi, Louis Leakey ne ya nemo mata kuɗin farawa, daga baya ƙungiyar National Geographic ta ɗauki nauyi. Haka Dian Fossey ta kafa sansanin Karisoke a Ruwanda a 1967, Birute Galdikas kuma ta shiga dajin Borneo a 1971. Birran suna Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, kuɗin kuma yana Turai da Amurka. Gwamnatocin ƙasashen da ke da dazuzzukan suna fama da asibiti, makaranta da tsaro, don haka kason gandun daji a kasafin kuɗi da ƙyar yake wuce albashi. Gidauniyoyi ne suka cike giɓin. Gidauniyar Rufford ta Birtaniya tana ba da 'yan dubban fam don aikin kusan shekara guda. Asusun Mohamed bin Zayed na Abu Dhabi yana ba da abin da bai wuce dala 25,000 ba ga kowane aiki. Gidauniyar Leakey na tallafa wa bincike da karatun ɗalibai. Tun da irin wannan kuɗi ba ya isa ɗaukar ƙwararru, sai masu bincike suka koma tallata guraben sa-kai: ka zo ka zauna a daji wata shida ko shekara, ka biya kuɗin jirginka da inshorar lafiyarka, wani lokaci har da na abinci da masauki.

Illa ta farko ita ce lokacin kuɗin bai yi daidai da lokacin dabbar ba. Macen cimfanzi ba ta haihuwar fari sai ta kai wajen shekara 13, tana yin kusan shekara biyar tsakanin haihuwa da haihuwa, kuma kafin garke ya saba da mutum har ya bari a bi shi a rubuta halinsa, ana iya shafe shekara biyar ko fiye. An yi shekara 14 ana aiki a Gombe kafin a ga yaƙin da ya ɓarke tsakanin ɓangarori biyu na garke guda a 1974, abin da ya sauya fahimtar masana game da halin waɗannan birrai. Tallafin wata goma sha biyu ba zai kai ga irin wannan sani ba. Mai bincike yakan ɓata rabin shekararsa yana rubuta takardar neman kuɗi, kuma yakan zaɓi tambayar da za ta ba da amsa kafin wa'adi ya cika, ko da ba ita ce mafi muhimmanci ba. Idan kuɗi ya yanke aka rufe sansani, birran da suka daina tsoron mutum su ne suka fi saurin faɗawa hannun mafarauta.

Illa ta biyu ta shafi wanda ke samun shiga. Masu ba da gurbin digiri na biyu da na uku suna tambayar ƙwarewar aiki a daji, ita kuma ƙwarewar ana samunta ne ta aikin sa-kai. Ɗalibi daga Landan da iyayensa za su iya riƙe shi shekara guda ba ya samun ko sisi zai tara wannan shaida. Ɗalibar ilimin dabbobi daga Jalingo ko Yola, wadda gida ke jiran ta gama bautar ƙasa ta fara kawo wani abu, ba za ta iya ba, alhali gandun Gashaka Gumti, mafi girma a Najeriya, yana jiharta, kuma yana cikin manyan mafakar cimfanzin Najeriya da Kamaru. Masu bin sawu na ƙauyukan da ke kewaye, waɗanda suka san kukan kowace dabba da lokacin nunar kowane ɗan itace, sau da yawa a matsayin 'yan ƙwadago ake biyansu, sunansu kuma ba kasafai yake fitowa a kan binciken da aka wallafa ba.

Illa ta uku rauni ce. Ruwanda ta mayar da kuɗin izinin ganin gorila dala 1,500 a 2017, tana kuma ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandun daji ga al'ummomin makwabta. Da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye a 2020, wannan hanya ta toshe a faɗin Afirka, cibiyoyin da ke dogaro da baƙi masu biya suka rasa kuɗi da ma'aikata a lokaci guda. Rushe hukumar agajin Amurka ta USAID a 2025 ya sake nuna cewa shawarar da aka yanke a Washington na iya dakatar da sintiri a dajin Kwango.

Za a iya cewa da babu gara ba daɗi, kuma akwai gaskiya a ciki. Cibiyoyin kula da marayun birrai da dama ba za su iya ciyar da dabbobinsu ba in babu kuɗin baƙi. Tallafin waje kuma ya ɗaga 'yan Afirka: Inaoyom Imong ya sami lambar yabo ta Whitley a 2015 kan gorilar Kuros Riba, wadda ake ƙiyasin ba ta wuce 300 ba, Rachel Ikemeh ma ta sami lambar a 2020. Amma waɗannan misalai suna ƙarfafa hujjar gyara tsarin ne. Inda kuɗi ya shiga hannun ɗan ƙasa da zai zauna shekara da shekaru, aiki yakan yi saiwa. Babu mai cewa a kori masu sa-kai. Abin da ake nema shi ne kada aikin kyauta ya zama ƙofa ɗaya tilo, kuma a cikin kuɗin da baƙo ya biya a ware alawus na ɗalibin gida da zai yi aiki tare da shi.

Gashaka ta nuna hanyar. Binciken da Volker Sommer na jami'ar UCL ta Landan ya jagoranta a Kwano, cikin gandun, ya ɗore shekaru saboda gidan namun daji na Chester ya riƙa ba da kuɗin gudanarwa a kai a kai. A 2017 gidauniyar Africa Nature Investors, ta 'yan Najeriya, ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da hukumar gandun daji ta ƙasa, ta horar da masu gadi daga cikin mutanen yankin. Ga ɗalibi mai neman shiga, ƙofofin gida sun fi kusa: cibiyar APLORI ta Jos, tallafin bincike na Chief S. L. Edu da ƙungiyar kare muhalli ta NCF ke bayarwa, da ƙungiyar masana birrai ta Afirka. Ya dace TETFund da jami'o'in Taraba da Adamawa su ware kuɗin bincike na shekara biyar zuwa goma a waɗannan dazuzzuka, gidauniyoyin waje kuma su sa albashin mataimakan gida cikin sharuɗɗan kowane tallafi da suke bayarwa.