Gadon Jikin Bango: Mafita Ga Mai Ƙaramin Ɗaki

Duk ɗalibin da ya taɓa kama haya a Mairi, kusa da Jami'ar Maiduguri, ya san yadda katifa kaɗai ke cinye rabin ɗaki. Akwai dabara: gadon da ake ɗagawa a jingine da bango da safe, a sauke shi da dare. Wani Ba'amurke, William Murphy, shi ya shahara da ƙera irinsa a birnin San Francisco wajen shekarar 1900.

Sai dai fa ƙarfin wannan gado yana ga abin da ya riƙe shi. Bangon laka ba zai iya ba. Bulon siminti kuwa yawanci da rami a cikinsa, don haka gara mai walda ya kafa ƙafafun ƙarfe a daɓen ɗaki, ya ɗaure su da noti. A auna katifa kafin kafinta ya yanka katako, a shafa maganin gara, sannan a sa sakata mai ƙarfi, kada gadon ya faɗo kan yaro.

Kafin a huda ko'ina, a nemi izinin mai gida. Rigakafi ya fi magani.