Yadda damfara ta bi kuɗi zuwa cikin waya

Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000, shi ya tura ciniki zuwa tiransifa. Mai shayi, mai nama, har mai kayan miya, kowa ya buɗe asusu. 'Yan damfara ma ba su tsaya kallo ba.

Dabarunsu ba wasu masu zurfi ba ne. Mutum zai shiga shago a Kantin Kwari lokacin da aka cika maƙil, ya zaɓi atamfa, ya nuna wa yaron shago rasit a fuskar waya, ya ce netwok ne ya riƙe kuɗin, ya yi gaba da kaya. Rasit ɗin na bogi ne. Wani kuma kira zai yi cikin ladabi, ya ce daga banki yake, BVN ɗinka ta samu matsala, ka karanto masa lambobin da aka turo maka yanzu. Da ka karanta, ka miƙa masa makullin asusunka da hannunka.

Hukumomi sun yi nasu ƙoƙarin. An fito da BVN a 2014, an umarci a haɗa layukan waya da NIN a ƙarshen 2020, a 2024 kuma Babban Banki ya dakatar da OPay, PalmPay, Moniepoint da Kuda daga karɓar sababbin kwastomomi na ɗan lokaci, don su gyara yadda suke tantance mutane. Duk wannan yana taimakawa wajen gane mai asusu. Sai dai ɓarawo ba ya sata da sunansa. Asusun wani talaka yake haya da 'yan kuɗi kaɗan, kuɗin su sauka nan, a raba su cikin mintuna, a cire a wurin masu POS. In bincike ya zo, mai asusun ake kamawa.

A ganina, babban giɓin shi ne jinkiri. Wanda aka damfara yakan ji kunya, ya kwana yana jimami, alhali banki na iya riƙe kuɗin a asusun da suka shiga ne kawai idan ba a riga an kwashe su ba. Saboda haka ɗan kasuwa, kada kaya su bar shago sai ka ga kuɗi a asusunka. In kuwa an cuce ka, banki za ka fara kira, kafin 'yan uwa.