Ɗaga Mota da Sauya Taya Domin Hanyar Daji

Mai Hilux ko Land Cruiser da ke bin hanyar Agadez zuwa Dirkou, ko hanyoyin ƙauye da damina ke zaizayewa, yakan je gareji da maganar a ɗaga masa mota. Amma taya ya kamata ya fara zaɓa. Abin da ya fi kusa da ƙasa a irin waɗannan motoci shi ne ƙullutun ƙarfen da ke tsakiyar aksul na baya. Komai tsawon sifirin da aka saka, jikin motar ne zai yi sama, ƙullutun nan kuwa yana nan inda yake, yana gogar tudun tsakiyar hanya. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi.

Lambobin da ke jikin taya su ne ma'auni. A 265/70R16, faɗinta milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 70 cikin 100 na faɗin, rim ɗin kuma inci 16. Tsayinta duka ya kama milimita 777. Idan aka sauya ta da 285/75R16, tsayin ya kai 834, amma rabin bambancin ne ke ƙasan aksul, wato wajen milimita 28. Bai yi kama da abin kirki ba, sai ranar da mota ta wuce ramin da ya saba riƙe ta.

Wannan ƙari yana da farashi. Maleji zai nuna 100 alhali motar na gudun 107. Inji zai ji nauyi a hawa, birki zai ƙara wahala, shan mai kuma zai ƙaru.

Sai a zo kan ɗagawa, daidai yadda sabuwar tayar za ta juya ba ta gogi jikin mota ba, ko an karya sitiyari har ƙarshe da kaya a baya. Inci 2 yakan wadatar. A Hilux na zamani, ƙafafun gaba kowace cin gashin kanta take yi, don haka in aka zarce, sandunan da ke kai musu juyi sukan karkace, robarsu ta yage, yashi ya shiga. Shokazoba da tiyon birki dole tsawonsu ya dace, a kuma yi alaimen bayan an gama. Abin da ya fi damuna shi ne kifewa: motar da aka ɗaga, aka jibga mata jarkoki da mutane a sama, kwana ɗaya da gudu ta ishe ta.

Manyan haƙoran taya na laka ne. A rairayi haƙa suke yi, mota ta nutse. Can rage iska ke aiki, domin tayar ta shimfiɗu, sai dai a riƙe famfo na mayar da iskar kafin a hau kwalta. Safaya ma a sayo ta girman sauran huɗun, domin taya mai bambancin tsayi tana wahalar da haƙoran aksul da na giya, musamman idan ƙafa huɗu ke ja.