Paikon Kore: Kiɗan da ke biye da garke da shamuwa

A Paikon Kore, cikin Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, akwai ɗaya daga gandayen kiwo huɗu da aka keɓe a Babban Birnin Tarayya. A takardun ofis, zancensa bai wuce na filaye da ruwan sha da sulhun manoma da makiyaya ba. Ga mai kunnen kiɗa kuwa, kowane lokaci na shekara da amon da yake zuwa da shi.

Idan kaka ta wuce, garkuna kan gangaro daga arewa su nufi kwarin Neja da Binuwai, balbela na bin sawunsu, sarewar makiyayi na ratsa kukan maruƙa. Gab da damina sai shamuwa ta taso daga kudancin Afirka zuwa ƙasar Hausa, inda take sheƙa, garkunan su ma su juya arewa.

Irin wannan kai da komo ya taɓa zama kiɗan okestira, wato na taron makaɗa masu bin rubutaccen tsari. A 1972, Einojuhani Rautavaara na ƙasar Finlan ya naɗi kukan tsuntsayen fadamun arewacin ƙasarsu, ya tsara Cantus Arcticus, inda makaɗa ke amsa wa faifan tsuntsayen. Kashinsa na ƙarshe a kan ƙaurar tsuntsayen ruwa yake: amon kan taru, ya cika, sannan ya yi nisa har ya ɓace.

Najeriya ma ba baƙuwa ba ce a fagen. Tun 1944 Fela Sowande, haifaffen Abeokuta, ya ɗora karin waƙoƙin Afirka ta Yamma a kan kayan kiɗa masu tsirkiya cikin African Suite. Mai son bin sawunsa a yau yana da goge da sarewa da kalangu, waɗanda za su iya zama tare da na Turai.

Sai dai lokaci na ƙurewa. Gine-gine na cinye burtali a kewayen Abuja, kuma tun kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a 2024 hankalin gwamnati ya ƙara karkata ga killace dabbobi wuri guda. Ko da hakan ya zama alheri, ranar da garke ya daina tafiya, amon tafiyar ya tafi ke nan.

Naɗar sautin ba ta buƙatar babban kasafi: na'ura mai kyau, yardar ardo, da rani da damina guda. Aiki ne da Hukumar Raya Al'adu ta Ƙasa za ta iya farawa tun a ranin bana.