Mai gatari a sama, ƙwai a sheƙa

Da zarar bazara ta kama, kafin iskar farkon damina ta taso, sai ka fara jin sarar gatari a lungunan cikin birnin Kano. Maigida ya ɗaga kai ya ga reshen darbejiya ya sunkuyo kan rufinsa ko kan wayar lantarki, sai ya aika a kira mai datse itace. Saurayi ya tuɓe takalmi, ya soke adda a ƙugu, ya rataya igiya, ya haye. Ana cinikin lada, amma ba wanda ke tambaya ko itacen da mazauna a sama.

Wani lokacin kuwa akwai. Shirwa kan haɗa sheƙarta da ƙirare a mararrabar rassa, ta shimfiɗa tsumma da leda da takarda, ta sa ƙwai biyu ko uku. Idan mutum ya matso, ta bayansa take sauko masa, ta kafta masa farce a ƙeya ta wuce. Raunin ba wani abu ba ne. Abin tsoron shi ne mutum ya firgita ya saki reshe. A birnin Delhi na Indiya, masu bincike sun gano cewa shirwa ta fi kai wa mutane hari a unguwanni masu cunkoso inda aka saba jefa mata nama. Wanda shirwa ta taɓa fauce wa tsoka a faranti yana yaro ba zai yi mamaki ba.

Ungulu ba ta wannan faɗan, shi ya sa abin ya fi yi mata illa. Ƙwai ɗaya tak take sawa, galibi da hunturu, ta kwanta a kai kusan kwana 50, ɗan kuma ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi. Ka lissafa, za ka ga lokacin datse rassa yakan tarar da shi a sheƙa. In aka kore ta, ɗan ya zama rabon rana da hankaka, wahalar shekara guda ta tafi a banza.

Akwai kuma wanda ba reshe ya kai shi sama ba. Ƙwai da kai da gashin ungulu kaya ne a wurin 'yan tsibbu, kuma wannan fatauci na cikin abin da ya sa a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ungulun da muka sani a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Najeriya na da dokar kare irin waɗannan halittu tun 1985, sai dai mai hawa itace bai taɓa jin labarinta ba. Dattawa na tuna yadda ungulaye ke jeruwa a mayankar Ƙofar Mazugal. Yau yaro na iya girma a Jakara yana jin "ungulu da kan zabo" bai taɓa ganinta ba. Manyan rimaye da kukokin da take sheƙa a kai ma gini ya cinye yawancinsu.

Gane itace mai sheƙa ba ya buƙatar boko. A duba gindinsa: farin kashi a ƙasa, guntayen ƙashi, ƙirare da suka zubo. In reshen ba barazana yake wa rai ba, a jira ɗan ya tashi. In kuma dole ne, mai hawa ya sa hular kwano, ya ɗaure kansa da igiya, wani ya tsaya a ƙasa yana duba masa sama.