Kafin A Ƙara Lasifika A Majami'a

Mun sha ganin ikkilisiya ta yi wata da watanni tana tara baiko, ta sayi amfilifaya mai tsada, kafin Kirsimati ta ƙone.

'Yan'uwa, mu duba bayanta. Akan rubuta mafi ƙarancin om da za ta iya ɗauka, galibi 4 ko 8. In muka jona lasifika biyu masu om 8, jar waya da ja, baƙa da baƙa, sun koma om 4. Huɗu kuwa om 2. Da zarar an sauka ƙasa da abin da aka rubuta, sai ta ja wuta fiye da kima, ta yi zafi, ta mutu ana cikin wa'azi.

Dubban wat da ke jikin kwali da alamar PMPO kuwa, cika bakin 'yan kasuwa ne. Na RMS za mu tambaya.