TSOHUWAR A-KORI-KURA: GYARAN GIDA KO NA KAMFANI?

Manomi ko ɗan kasuwa mai a-kori-kura wadda ta ci kilomita 200,000 ko fiye, ba ya rabuwa da shawara guda: ya kai ta garejin kamfanin da ke sayad da irinta, ko kuwa ya tuɓe riga ya gyara abarsa a gida? Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 kuɗin tafiya ya hau, har kai mota birni kaɗai ya zama abin lissafi.

Sa'ad da mota ta ke sabuwa babu gardama, gama kamfani ya kan ɗauki lamunin gyaranta, yawanci shekara 3 ko kilomita 100,000, muddin a wurinsu a ke yi mata aiki. Amma in lamuni ya ƙare, zaɓi ya koma hannun mai ita. Abin da ya fi shi ne ya kasa aikin kashi uku, ya auna kowane da wannan ma'auni: in aka yi kuskure a nan, me za a yi hasara?

Kashi na fari nasa ne, kuma shi ne mafi yawa. Duba baƙin mai da ruwan lagireto da iskar taya kowace safiya ba ya bukatar gwani. Juyen baƙin mai kuwa, ga motar da ke bin hanyar ƙauye mai ƙura, kada ya wuce kilomita 5,000, a sake matatarsa tare. Matatar iska ta kan toshe da sauri lokacin hunturu, sai a riƙa cire ta ana kakkaɓewa. In motar mai shan gas ce, akwai wurin da ruwa ke taruwa a ƙarƙashin matatar mai, lalle a riƙa tsiyaye shi. Sa giris, da goge kan batir, da ɗaure ƙusoshin da gargada ta kwance, duk sifana da haƙuri sun isa. Amma fa kada a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, kada a buɗe lagireto injin na da zafi, kada kuma a zubad da tsohon mai a gona ko kusa da rijiya.

Kashi na biyu na amintaccen makaniki ne: kuloci, da sifirin, da birki, da sauran kayan ƙafa. Tsofaffin motoci irin Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975, kanikawa sun san su ciki da bai, kai su kamfani ɓarnar kuɗi ce. Inda haɗari ya ke shi ne kayan gyara. A kasuwa irin Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ana samun na ƙwarai, ana samun jabu, kwalinsu kuwa iri ɗaya. Mai mota ya tafi da lambar jikin motarsa, ya tsaya a sa kayan a gabansa, ya karɓi tsohon da aka cire. Ga birki da sitiyari, araha ba ta ado.

Kashi na uku shi ne wanda kuɗin kamfani ke biyan kansa. Toyota Hilux mai shan gas, wadda aka ƙera daga wajen 2005, tana da kwamfuta da ke sarrafa fesa mai, da matsi mai tsananin ƙarfi. In fitilar injin ta kama, ba a gane ciwon da kunne, sai an jona na'urar bincike. Makanikin da ba shi da ita sai ya yi ta sake kaya yana lalube, kuɗin laluben kuwa ya kan fi na kamfani. Haka kuma bel ɗin da ke daidaita tafiyar injin: a injin gas na Hilux na shekarun 2005 zuwa 2015 ƙa'ida ita ce a sake shi a kilomita 150,000, har akwai fitilar da ke tunasarwa. In ya tsinke mota na gudu, kayan cikin injin su kan yi karo, gyaran yini guda ya koma na makonni. Mai shan fetur, lita 2.7, sarƙa gare ta maimakon bel, saboda haka wannan bai shafe ta ba. Wanda ya sayi mota ta hannu, bai san ran da aka sake bel ba, ya ɗauka ba a sake ba.

Lokacin gyara ma abin lura ne. Motar da ta kwanta a watan Nuwamba, masara na jibge a gona, sai an yi hayar wata kafin kaya ya isa Dawanau, ga kuɗin gyara na jira. Babban aiki a yi shi da bazara kafin jigilar taki, ko kuwa kafin kaka ta kama. A tuna kuma irin wannan mota kayan kamar tan guda aka yi ta domin ta ɗauka, watau wajen buhu 10 mai kilo 100. Wanda ya labta mata 20 shi ne ke karya sifirin da hannunsa.

Daga ƙarshe, a sayi littafi a ajiye cikin mota, a rubuta kwanan wata, da kilomita, da abin da aka sake, da kuɗinsa. In shekara ta kewayo, littafin zai nuna ko motar tana ciyad da mai ita, ko kuwa shi ke ciyad da ita. Ran da za a sayar kuma, mai saye ya fi yarda da rubutu bisa ga rantsuwa.